Dankalin da Sanyi Ya Dafa

Shekara bakwai ina kwandasta a El Alto,
rabin jikina a waje, ina kiran sunayen unguwanni
har maƙogwarona ya koma tsohon gwangwani.
Duk Asabar in ninke abin da ya saura
in cusa a safar ulu, ƙarƙashin katifa.
Na riga na ga motar: farar bas ce
mai tsaga a gilashin baya.
Saura kwana tara in biya.

Sai ga wayar Benedikta: Baba ya faɗi a gona.

Asibiti ba ya tambayar tarihin kuɗi.
Ya ci tayoyin, ya ci injin,
ya ci kujeru goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya.
Ranar da muka kai Baba makwancinsa
ko kuɗin madubi bai rage ba.

Na koma ƙauye da jaka guda.
Tafkin Titikaka na nan inda na bar shi, shuɗi, ba ruwansa.
Ran Lahadi na zauna a bencin ƙarshe
na majami'armu mai rufin kwano,
suna rera yabo, ni ina lissafi.
Na ce: Ubangiji, ban roƙe ka gidan bene ba.
Ban yi sata ba, zakkata ban taɓa tauye ta ba.
Bas ɗaya tak. Ita ce ta yi yawa?
Bai ce mini uffan ba.
Iska ce kawai ke kaɗa kwanon.

A watan Yuni, da dare ya fara cizo,
Inna ta ce, Anakleto, ɗauko buhunan nan.
Ƙananan dankali ne, waɗanda kasuwa ta raina.
Muka baza su a fili kan busasshiyar ciyawa,
muka bar su a hannun sanyi dare uku.
Da asuba sun zama tsakuwa,
da hantsi sun saki jiki suna hawaye.
Tsohuwar ta tuɓe takalmi ta hau takawa,
ruwa na fita ta tsakanin yatsunta,
ɓawo na saɓulewa.

Na ce, Inna, da dankali na da baki fa?
Ta ce, da ya zage ni tas.
Ta ci gaba da takawa.
Can ta ce: mai kyaun da muka ɓoye a ɗaki,
'yan watanni ne ya tsiro, ya ruɓe.
Wannan kuwa, baƙi, motsattse,
shi ya riƙe mu shekarar da ƙanƙara ta kashe gona
kana goye a bayana.
Taka, ɗana, rana na tafiya.

Na taka. Sanyin ya hau ni har gwiwa.

Ba zan ce na gane ba, ya Yesu.
Ni ba dankali ba ne, kuma har yau
in farar bas ta wuce a titin Acakaci
sai na bi ta da ido har ta sha kwana.
Amma kai ma ka taɓa roƙo cikin dare
a sauya maka hanya, ba a sauya ba,
ka tashi ka bi ta.

To, ga ni.
Ban san inda ka nufa da ni ba.
Na dai san Inna ba ta kwana ita kaɗai yanzu,
hannuna kuma ya tuna ƙotar garma.
Jiya yaran majami'a suka ce in ja musu waƙa,
wai muryata tana kaiwa nesa.
Na yi dariya. Ina suka san inda na samo ta?

Gobe za mu kwashe cunyo mu zuba a rumbu.
Riƙe sitiyarin.
Ni dama a ƙofa na saba tsayuwa,
rabin jiki a waje,
ba na ganin gaba sosai,
ina dai kira.