Juya Ganye

Kafin in ɗora tukunya, kafin in buɗe wa tumaki,
nakan tsaya gaban taga in karanta ƙafafuna:
ƙauri, idon sawu, bayan gwiwa
inda ido ba ya kaiwa sai da madubin askin Baldovino.
Yau babu komai. Tabon ƙaya ne kawai na shekaranjiya,
shi kuwa na san asalinsa.

Haka mahaifina ya koya mini duban dankali
a nan tsibirin Chiloé, inda ruwan sama ba ya sallama:
"Juya ganye, Orfelina, daga ƙasa ciwo ke fara rubutu."
Ban san wata rana ni ce gonar ba.

Shekara huɗu ke nan da jajayen ɗigo suka feso mini
kamar an barbaɗa barkono,
harshena ya karye a tsakiyar sunan jikana.
Kwana goma sha tara inji na juya jinina,
yana ɗebe ruwana mai launin man gyaɗa,
yana zuba mini na mutanen da ban taɓa gaisawa da su ba.
Likita ta ce, cikin mutum miliyan
'yan ƙalilan ake zaɓa.
Na ce, ni da ban taɓa cin ko kaza a caca ba.

Ba a ce na warke ba.
An ce ya kwanta.
Wanda ya kwanta kuwa, yana da ranar tashi.

Don haka duk wata uku, Talata,
motar asuba, jirgin fito, mashigin Chacao,
tsuntsayen teku na bin mu kamar muna da bashinsu.
Yasna ta san jijiyata fiye da yadda na san ta,
ta hagu, wadda ke gudu.
"Kalli bango," in ji ta. Ba na kallo.
Ina so in ga abin da zai ba da shaida a kaina.

Sai jira.
Kwana takwas ina saƙa, ina warwarewa.
Ciwon kai na yamma: shi ne, ko hayaƙin murhu?
Na manta inda na ajiye almakashi: shi ne, ko shekaru?
Baldovino ba ya tambaya.
Leƙa fararen idanuna yake yi
yana cewa wai wani abu ya faɗa ciki.
Jakar asibiti na bayan ƙofa, ban taɓa kwance ta ba,
sai dai in sauya rigar ciki idan sanyi ya shigo.

Jiya waya ta yi ƙara ina tsakar kunya.
Sittin da ɗaya, in ji Yasna.
Wancan karon saba'in ne.
"Bai kai a damu ba. Mu matso da na gaba, makonni shida."
Na rubuta a bangon kicin, ƙarƙashin 'yan'uwansa,
da fensirin da muke lissafin buhuna.

Na koma gona.
Ƙasa jiƙe, hannuna ya yi baƙi har wuyansa.
Amaro ya rugo da wani dankali shuɗi, mai kama da yatsa,
na kira sunansa, ya fito duka,
bai karye ba.

Na sunkuya, na juya ganye na gaba.