Kututturen da Na Bari

Su goma sha biyu suka sauko daga mota,
ma'aikatan banki, daga Sandakan,
riga iri ɗaya, takalma sababbi fil.
Na ce, "Sunana Mursidi. Ku cusa ƙafar wando cikin safa,
matsattsaku ba ya tambayar muƙami."
Suka yi dariya.
Kafin azahar matsattsakun ya karɓi haraji.

Kinabatangan ya sha ruwan daren jiya,
ya cika ya batse, launin shayi mai madara.
Kwalekwale biyu na ba su.
Na farko ya yi ta juyi kamar akuya a turke,
don kowa a ciki shi ne matuƙi.
Na zuba musu ido, ban ce uffan ba.
Kogi ya fi ni iya gwaji.

A gadar igiya aka yi ta.
Manaja Voon, mai sa hannu a ba da miliyoyi,
ya kai tsakiya ya leƙa ƙasa,
gwiwa ta ce ba da ita ba.
Ya rungume igiya, gumi har cikin ido.
Sai Norlia, 'yar aike,
wadda ke kai musu shayi ba a ko duban fuskarta,
ta bi katako ɗaya bayan ɗaya har ta isa gare shi.
"Kada ka dubi ƙasa, dubi hulata.
Ɗaga ta dama. Yawwa. Yanzu ɗayar."
Taku ashirin da bakwai, ni na ƙirga,
babba na bin muryar ƙarama yana neman agaji.

Daga nan na kai su inda ba na son zuwa.
Kututture ne, mutum shida ba sa zagaye shi da hannu.
Gansakuka ta lulluɓe shi, tururuwa ta yi gida.
Siew Fong ta ce, "Wane mara imani ne ya yi wannan?"
Na ce, "Ga shi a gabanki.
Shekarata goma sha tara, uwata na kwance asibiti,
kamfani na biya a kan kowane gungume.
Itacen ya girmi kakan kakana,
amma bai kai la'asar ba a bakin inji."

Shiru.
Wani tsuntsu can sama ya yi tari kamar tsoho.
Da ya faɗi, na gaya musu, ƙasa ta girgiza har haƙorana,
kuma na yi murna a ranar, ba zan ɓoye ba.
Sai bayan shekaru, da kwakwar manja ta cinye gabas da yamma,
giwaye suka rasa hanya suka bi ta gonar ƙanena,
na gane wanda ya tona ramin shi ne ya gayyato maciji.

Na raba musu dashe, kowa biyar.
Ɓaure, da 'ya'yan irin wanda na kayar.
Voon ya durƙusa a laka da wandonsa mai tsada,
Norlia ce ke nuna masa zurfin rami.
Ya tambaye ni, "Yaushe zai kai wancan?"
Na ce ba ni ba, ba kai ba, ba ɗanka ba.
Wanda ke shuka irin wannan, aiki yake wa magaji.

Da yamma, muna komawa, reshe ya motsa.
Ja ce, mai dogon hannu, ɗa manne a ƙirjinta.
A bakinmu sunanta mutumin daji.
Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa,
ta daɗe a kaina, ko dai ni na ga haka.
Wayoyi goma sha biyu a aljihu, ba wanda ya tuna.
Ta jefo ɓawon ɗan itace, ta juya baya,
ganye ya rufe,
muka tsaya da laka a gwiwa muna ji.