Allona Mai Tsaga

Shekara shida ke nan muna tare,
ni da tabulet ɗin nan mai tsaga a kusurwa.
Ran da ya suɓuce mini a Farin Gada
ya faɗa tsakanin buhunan kabeji,
na ɗago shi ina salati,
ya buɗe ido, bai ko yi mini ƙorafi ba.

Yanzu tsufa ya cim masa.
In na taɓa shi da asuba, sanyin Jos na cizon yatsa,
sai ya tsaya yana nazari
kamar wanda aka tambaya ina kuɗin adashe.
Shayi ya tafasa, ya huce,
sunan Davou da bashin dankalinsa
har yanzu bai fito ba.

Batirinsa kuwa tulu ne mai huda.
In cika shi da dare, kafin azahar ya tsiyaye,
ya bar ni da lissafin tumatir a ka,
kan da shi ma ba sabo ba.

Laraba na ratsa ta Taminus.
Sallau yaron shago, bakinsa zuma,
ya ce, "Alhaji, taɓa ka ji, na bana ne.
Faifai ma ya fi shi nauyi,
ido uku gare shi a ƙeya,
kafin ka ce kwabo ya buɗe."
Na karɓa da hannu biyu kamar jinjiri.
Fuskata ta fito a gilashinsa sumul,
rabona da ganinta haka a allo
ba zan iya tunawa ba.

Ya faɗi kuɗin a hankali.
Na juya su zuwa yaren da na iya:
buhun dankali goma sha ɗaya,
ko zangon karatun Rumasa'u biyu,
ko kwanon ɗakin Hansatu
da ke ɗiga tun farkon damina
ban hau na duba ba.

"Kawo tsohon a rage maka," in ji Sallau,
"mu wanke shi tas, mu sayar."
A nan ne hannuna ya koma aljihu.
Akwai muryar Baba a ciki,
minti tara, a gadon asibiti,
yana ba ni labarin haƙar kuza a Bukuru,
yadda ruwan kududdufi ke kai musu ƙirji,
ya yi tari, ya kira ni Ɗanjuma,
sunan da tun bayansa ban sake ji ba.

Sallau ya yi dariya, ya ce abu mai sauƙi,
za a kwashe komai a zuba a sabon,
ko tari ɗaya ba zai ɓace ba.
Na yarda da shi, yaron ba maƙaryaci ba ne.
Amma sifikar tsohon nan ta fashe tuntuni,
muryar na fitowa da gurnani,
na saba da ita haka,
har ban san wane kakari ne na ƙirjin Baba
wane ne na ƙarfen ba.
In ya fito tangaran a sabon allo,
ina tsoron in ji baƙo yana magana
in ce wannan ba shi ba.

Na sayi wayar caji ta dubu biyu,
na hau keke zuwa Unguwar Rogo.
Hansatu ta dubi ledar, ta dube ni,
ta ce, "Doguwar tafiya, gajeren saye."
Ta zuba mini gwate, na ci da zafinsa.

Ga shi can a jikin bango yana shan wuta,
tsagarsa na ƙyalli a duhu.
Lambar Sallau na aljihun rigata,
an wanke rigar jiya, na cire takardar tukuna.
Ban saya ba.
Ban kuma yar da ita ba.