Jajibirin Duwatsu

Tun la'asar na karkaɗe tabarma,
na juye gwangwanayen madara uku:
ɗaya na tsakiya, ɗaya na 'yan gilasai,
ɗaya na abin da ban san sunansa ba
amma hannuna ya ƙi zubarwa.

Gobe za a buɗe.
An ce rumfa ta fi ɗari a filin baje koli,
an ce har da masu shuɗin dutse daga Jama'a,
da Buzaye masu azurfa,
da Nufawan Bida masu narka kwalba ta zama ado.

Wata biyar ina zubin adashi.
Jiya Kuluwa ta kawo kwasata ƙulle a leda,
na ƙirga, na sake ƙirgawa,
sai ka ce ƙirga na sa kuɗi haihuwa.
Na raba su gida uku:
na jaka, na lalita, na bakin zane.
Na bakin zanen kuɗin mota ne.
Ko yakutu ya kira ni da sunan yanka
ba zan kwance ba.

Bara ma haka na ce.
Daga Kawo na tako da ƙafa har Unguwar Dosa,
takalmi a hannu, zumurrudun ƙarya a jaka.

A bayan takardar kuɗin wuta na rubuta:
kore, na amaryar Barnawa,
ga ƙyallen leshinta na maƙale da fil;
fari silli goma sha biyu
na matan zumuntar su Mama Kuyet, kafin Lahadi;
baƙi talatin da uku, carbin Malam Tanimu
da jikansa ya tsinka a bakin rijiya.
Zare mai ƙarfi. Maɗauri. Allura siririya.
Can ƙasa na ƙara da jan biro:
Ladingo, ki ji tsoron Allah.

Tocila na sa, don fitilar rumfa maƙaryaciya ce,
tana yi wa roba kwalliyar murjani.
Tabarau na sa. Dabino bakwai. Gorar ruwa.
Sauran kayan awo a jikina suke:
dutsen gaske sanyi gare shi a kunci,
haƙori kuma ba ya karɓar cin hanci.
Ido ba mudu ba ne, amma nawa
shekara ashirin yana awo.

Ɗanlami mai keke ya ce bakwai daidai.
Na ce shida da rabi, don na san bakwai ɗinsa.
Ya ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri.
Na ce ni duka biyun nake so.

Akwai abu ɗaya da ban rubuta ba.

Murjanin Inna, cikin tsumman atamfa,
ƙwaya arba'in ba ɗaya.
Ran sunan Nusaiba ya tsinke a wuyana,
mata suka duƙa suna tsinta,
ɗaya ta gangara kwata, ruwan Agusta ya tafi da ita.
Wataƙila tana gindin kogi yanzu,
ƙarƙashin gada, kifi na wuce ta.
Shekara goma sha ɗaya ina neman 'yar uwarta.
Wannan ta cika ja. Waccan ta cika sheƙi.
Babu wadda ta sha zufar Inna.

Nusaiba ta ce, in kin samu fa, Umma?
Sai ki daina zuwa?
Na ce tashi ki kwanta.

Sun ɗauke wuta.
Ina tattarawa da lalube,
wata ta kuɓuce min,
ina jin ta tana gangarawa a siminti,
ta yi nisa, ta yi nisa, ta shige ƙarƙashin gado.

Zauna nan.
Gobe zan kawo miki baƙi.