Tsami Mai Tsagaggen Kunne

Kwalbar ba ta kai babban yatsana ba.
Daga Yamai ta zo a motar dare,
kwance cikin ƙanƙara kamar kifin Madarunfa.
Mushe Arzika ya sa hannu a takarda
yana tsaki:
jaka tamanin a kan tsami!
Tsamin da Kuluwa ke sayarwa dala goma
a ludayi, bakin kasuwar Kadro.

Ban yi masa musu ba.
Dangi ne, uwarsu ɗaya,
sai dai namu an yi masa shaida.
Cikin karbon ukun da ke jikinsa
ɗaya ya fi 'yan'uwansa nauyi,
kamar akuyar da aka tsaga wa kunne
don a gane ta ko ta kwana a garken wani.

Na ɗiga shi kan hantar jar akuya,
yanka siriri kamar farcen jinjiri,
da na karɓo a mahauta kafin rana ta fito.
Na ja kujera.
To, laktat, ina ka nufa?
Ƙonewa za ka yi ka bi numfashi,
ko hanta za ta juya ka, ta juya ka,
har ka koma sukari,
yadda tsohuwa ke mai da tsumma gammo?

Ƙarfe biyu aka ɗauke kuran.
Firiji ya haɗiye gurnaninsa.
Na jiƙa buhu na lulluɓe akwati,
ina fifita shi kamar mai zazzaɓi,
zufa na bin bayana.

A nan babana ya faɗo mini,
a gonarsa ta Jiratawa,
ya jingine hauya, ya dafe cinya:
"Tsahara, ƙafafuna sun yi tsami."
Shekara ashirin ina ɗauka salon magana ne.

Injin da ke gane mai nauyi
ba ya garinmu.
Muka naɗe samfur muka aika,
muka jira har gero ya fid da kai.

Yau takardar ta dawo.
An ga mai tsagaggen kunnen
zaune tsakiyar sukari,
ya miƙe ƙafa kamar gidan ubansa.
Ba duka ba. Wani kason ya ɓace,
ban san ta wace ƙofa ba tukuna.

Da yamma na bi ta Kadro.
Kuluwa ta ce nonon jiya ne, ya yi tsami,
ko in jira na gobe?
Na ce ta dama.