Makulli Yana Ƙarƙashin Dutse

Makullin zaurenmu yana ƙarƙashin dutse.
Kowa ya sani a wannan tsibiri na Sikotland,
har tumakin Tormod da ke kwana bakin ƙofa.

Shekarar da mai filin ya ce zai sayar,
mu sittin da uku muka yi karo-karo.
Peigi ta kawo kuɗin saƙar hunturu biyu,
ta ce, "Tagar yamma tawa ce."
Ba wanda ya yi musu.

Ta wannan taga ake ganin teku
tana wanke ƙafar tsauni,
furen shunayya ya rufe gangare,
hazo ya haɗiye jirgin fito da safe
ya amayar da shi da la'asar.

Nan muke biki, nan muke makoki,
nan muka yi wata huɗu muna rigimar bututu.
Rufin na yoyo daidai kan kujerar shugaba,
shi ya sa ba mai kwaɗayinta.

Jiya muka binne Peigi a bayan tudu.
Da muka dawo shan shayi,
wata yarinya ta hura numfashi a gilashin tagar
ta zana kifi da yatsa.
Ni ke da shara yau.
Ban goge ba.