Albasa Ce

A Ramin Kura hawaye ba abin kunya ba ne,
duk wanda ya ga idonka ya kaɗa sai ya ce albasa ce.
Wata bakwai ina fakewa da buhu.

Kwana arba'in da ɗaya na yi a dajin gabas,
na dawo da ƙafafuna, aka yi sadakar waina,
aka ce Haliru ya auna arziki.
Barci ne kawai bai biyo ni gida ba.
Babur ya gifta da dare,
sai in tsinci kaina a bayan randa.

Inna ta ce, "Wanga abu iska na, a yi mai rubutu."
Na sha har allo ya koɗe.
Ƙanena ya rage murya ya ce, Kware.
Kware! In an gan ka a motar can
wa zai ƙara ba ka bashin buhu hamsin?

Ɗiyar wana Rumasa'u, mai karatun jinya,
ita ta sa mini abin a waya.
"Baffa, ba layi, ba kati,
ba mai gane takalminka a ƙofa."

Duk Talata bayan isha'i
nakan ja mota zuwa gadar Kwalkwalawa,
in ɗaga gilashi, in sayi data ta ɗari biyar,
in jingina wayar da sitiyari.
Fuska ta fito, ba ta fi tafin hannuna ba,
Dakta Suwaiba, daga garin da ban taɓa kai kaya ba.
Ba ta san ubana ba,
ba ta san wa nake bi, wa ke bina ba.
Abin da ya kwance mini harshe ke nan.

Mako uku ina zagaye kamar akuya a turke,
farashin albasa, zafin Sakkwato, ciwon baya.
Ba ta ja igiyar ba.
Ta iya shiru, irin wanda ba ya duba agogo.

A Talata ta huɗu na ce:
kuɗin da aka tara na mutum ɗaya ne,
mu biyu ne a ɗaure, ni da yaron motata Isuhu.
Suka ce, wa zai tafi?
Ban ce ni ba. Ban kuma ce shi ba.
Na dai miƙa ƙafa aka kwance sarƙa.

Na ɗago kai, ashe sabis ya ɗauke.
Fuskarta ta daskare, baki a ɗan buɗe,
wani ɗan zobe na ta juyawa a goshinta.
Kwaɗin Rima kaɗai suka ji ni.
Na yi dariya, sannan na yi wanda ba albasa ta sa ba.

Da ta dawo ta ce, "Yi haƙuri, daga kuɗin ban ji ba."
Na sake faɗa.
Na biyun bai kai na farkon nauyi ba,
kamar buhun da ya wuni a rana.

Ba zan yabi waya fiye da kuɗinta ba.
Ba ta miƙo ruwa, ba ta dafa kafaɗa.
Ran da numfashi ya ƙi ni
murya ce kawai ke ƙirga mini, ɗaya, biyu, uku,
hannun da ya sauke gilashi nawa ne.
Ita da kanta ta ce akwai maganin da sai ido da ido.
Na ja hula na tafi Kware ran Laraba,
na tarar da mutum biyu 'yan layinmu a benci.
Muka gaisa kamar a masallaci.

Yanzu ina samun barci, wani daren har asuba.
Saura abu ɗaya, ta ce ba gaggawa.
Akwai wani gida a Gidan Igwai, ƙyauren langalanga,
mahaifiyar Isuhu na tuyar ƙosai a bakinsa,
tana ɗago kai duk motar da ta ji.
Sau biyu na rage gudu, ban tsaya ba.
Wannan ƙofar data ba ta buɗe ta.
Sai sallama, sai cire takalmi.